Tuntuɓen Zuciyar Inna

Tun da muka dawo daga Sabuwa ban isa in zauna a ƙofar masallaci ba sai wani ya matso ya ce, "Haruna, wai ya hanya?" Na gaji da ba kowa guntu-guntu, kuma duk sanda na fara sai raina ya ɓaci in bar maganar a tsakiya. To yau zan ɗauko ta daga tushe, wanda ya ji ya kai wa wanda bai ji ba. Amma ku sani tun yanzu, cikin mutanen da nake jin haushi har da ni kaina.

Kun san Inna, mahaifiyata. Duk Mabai ba wadda ta kai ta kaɗin zare. Tun bazara ta fara wani abu: tana zaune tana kaɗi, sai ka ga ta kama mazari ta yi tsit, ta ce, "Ta yi tuntuɓe." In an ce mece ce, sai ta ce zuciyarta. Wai tana tafiya daidai, sai ta tsaya kamar wanda ya taka ƙaya, sannan ta buga da ƙarfi ta ruga a guje. Kuma wai ba sai ta ɗora hannu a ƙirji ba, tana jin ta a wuya, tana jin ta cikin kunne.

Dariya muka yi mata. Aka ce tsufa ne, aka ce kewar Baba ce tun da ya rasu. Ni da bakina na ce, "Inna, kowa na da zuciya, ba wanda ke jin tasa sai in ya yi gudu." Ta dube ni, ta ce, "To, Auta." Daga ranar ba ta sake gaya mini ba. Sai da aka yanke gero na lura takalminta ya daina shigarta don kumburi, kuma ta daina kwanciya, a jingine take barci. Nan na ɗaura wa jaki akumari, muka fita neman magani.

Zangon farko Ƙanƙara. Muka sauka gidan wani abokina marini, matarsa ta dama wa Inna fura mai laushi, muka huta. Da safe muka nufi yamma. Akwai wani ɗakin shan magani na En'e a wannan hanya, ba zan faɗi garin ba don malamin yana da iyali. Tun hantsi muke layi, sai bayan azahar aka kira mu. Malamin na zaune bayan tebur da gajeren wandon kaki, ga manyan kwalabe uku gabansa, fara da ja da baƙa. Ko kallon Inna bai yi ba, ni ya tambaya.

"Tana zazzaɓi?"

Na ce a'a.

"Gudawa? Gyambo?"

Na ce a'a.

"To me ya kawo ku?"

Inna ta ce, "Malam, zuciyata ce ke tuntuɓe."

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Tsohuwa, zuciya ƙafa gare ta?" Mutanen layi suka taya shi. Ya tsiyaya mata na farar kwalba, ya ce a kira na gaba. Wallahi ga abin sauraren ƙirji rataye a ƙusa bayan kansa, ina kallonsa, bai ko miƙa hannu ba. Yini guda a rana, da ƙafafu kamar turmi, don a mai da uwata abin dariya. Abin da ya fi ci mini rai, da muka fito sai na ji wani ɓangare na raina na cewa, to ka ji, malamin asibiti ma ya ce ba komai.

Muka isa 'Yankara ranar kasuwa. Can rabin mutanen Zamfarawa ne, maganarsu sai ka kasa kunne sosai, kuma ba su san a yi ciniki a hankali ba, kai ka ce faɗa ake. A nan jakina ya fara ɗingishi, wata ƙaya ta shige masa kofato. Na bar shi hannun mai masaukinmu, muka hau wata motar katako da ta ɗauko gyaɗa za ta bi ta Faskari, garin kawuna. Inna ba ta taɓa shiga mota ba. Mutum uku suka ɗaga ta bisa buhuna, tana salati.

Da mota ta kama hanya, ga ƙara ga jijjiga, sai na ga fuskarta ta saki. Ta jawo ni ta yi mini ihu a kunne, "Auta, ba ni jin ta! Ta yi shiru!" Har dariya take, tana nuna mini shanun Fulani. Ni kuwa na ce a raina, ashe iska kawai take son sha. Allah ya yafe mini.

A wata 'yar gada ta itace ƙafar baya ta zame, mota ta karkata kafin direba ya fizgo ta. Akwai wani falke a kusa da mu, ƙaton mutum mai jibgegen rawani. Ya dafe ƙirji ya hau kururuwa wai zuciyarsa ta faɗa cikin cikinsa. Ku zo ku ga gata! Aka tsai da mota, wannan na yi masa fifita, wancan na ba shi ruwa, direba da kansa ya sauko yana "Sannu Alhaji." Ba wanda ya tambaye shi ko zuciya igiya gare ta da za ta tsinke. Mutum mai rawani ya faɗa sau ɗaya an gaskata shi, tsohuwa ta yi wata biyar tana faɗa ana dariya. Inna ta dube shi, ta ce a hankali, "Wanga tsoro ne, yanzu za ta koma." Haka kuwa aka yi, kafin mu kai Faskari yana cin rake.

A Faskari muka sauka gidan Kawu Ali, ƙanin Inna. Gari ne tsakanin duwatsu, gidajen a matse, ruwan rijiyarsu da ɗan gishiri-gishiri. Kawu ya yi mana karamci, ba zan hana shi wannan ba, har zabo ya yanka. Amma da ya ji bayani sai ya yanke hukunci nan take.

"Iska ce, Yaya. Wani abu kika taka bakin rahi. Kuma jini ya yi miki yawa."

Inna ta ce, "Ali, ni ba abin da na taka."

Ya ce, "Ai mai iska ba shi sanin shina da ita."

To ka ji. In ka ce kana jin abu, iska ce. In ka ce ba iska ba ce, ita ce ke sa ka musu. Ya kira wanzami aka yi mata ƙaho a baya, matarsa kuma ta dama kunu ta zuba kanwa har ya yi ɗaci, wai yana wanke ciki. Safe da yamma ake ɗura mata. Kwana biyu muka yi, a rana ta uku da hantsi na tarar da ita zaune bakin ƙofa tana jan numfashi kamar wadda ta hau dutse, kumburin ya kai gwiwa. Na ce da Kawu a daina kunun nan. Ya ce ni yaro ne, cutar ce ke fita. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar, har maƙwabta suka leƙo.

Wanzamin ne ya raba mu, wani dattijo siriri, Baba Tanko. Ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Ɗana, in gaya maka gaskiya, wannan ya fi ƙarfin ƙahona. Akwai wani tsohon soja, Saje Bawa, aikin jinya ya yi a yaƙin Bama. Yanzu yana tare da masu duba sammore, wato ciwon barci, a bakin iyaka, gaba da Sabuwa. Ya taɓa duba ƙanena. Shi mutum ne mai saurare." Cikin duk waɗanda muka gani zuwa lokacin, shi kaɗai ya iya cewa bai sani ba.

Kawu ya ba mu aron jakarsa ta hawa, fuska a ɗaure. Muka bi ta Daudawa. Ban taɓa ganin auduga irin ta can ba, an shuka ta layi-layi da igiya, ka tsaya a wannan kai ka hango wancan. Inna ta ce in tsaya. Ta miƙa hannu daga bisa jaka ta tsinki ƙwallo ɗaya, ta ja zaren da yatsu, ta ce, "Kai! Wagga ko makaho ya kaɗa ta." Sai ga mai gadi da kulki, wai audugar iri ce ta gwamnati, ba a taɓawa. Na ba shi haƙuri har na gaji. Inna ta miƙa masa abarsa ta ce, "Ungo, kai wa gwamnati, kada ta kwana tsirara." Shi kansa sai da ya yi dariya.

Daga nan ƙasa ta canja. Ciyawa ta fi mutum tsawo, ƙoramu ba su ƙafe ba. A ɗaya daga ciki jaka ta ƙi shiga ruwa, na goya Inna na haye da ita, na dawo na ja dabbar, ta yi tsalle, ƙunshin garinmu ya faɗa ruwa ya zama kunu. Da na goya ta ɗin nan, ƙirjinta na manne da bayana, amma ban ji komai ba, hankalina na ga santsin duwatsu. Kwana biyu muka yi kafin Sabuwa, muna tafiya kaɗan muna hutawa.

A Sabuwa mai unguwa ya ba mu ɗaki. Abincinsu ya ba mu mamaki. Doya suke dafawa su kirɓa a turmi har ta yi danƙo, su kawo da miyar gyaɗa. Inna ta gutsura, abu ya biyo hannunta, ta ce, "Wannan tuwo ne ko ƙaro?" Amma ta cinye, ta nemi ƙari. Kuma a can na fara ganin matan Gwari suna shigowa kasuwa da kaya a kafaɗa, cikin ƙatuwar ƙwarya, kansu ba komai. Mu a nan yarinya tun tana tatata ake ɗora mata gammo. Inna ta tare wata ta tambaye ta dalili. Matar ta ce da 'yar Hausarta, kai shi ke yi wa jiki duka tunani, ba a ɗora masa itace. Inna ta juyo ta ce mini, "Ka ji masu hankali."

Da safe muka nufi iyaka, inda ƙasar Katsina ta ƙare ta Zazzau ta fara. Ba wani abu ba ne, gora ce aka gitta a hanya, da rumfa biyu, da ɗan doka. Duk mai wucewa sai ya shiga layi an lalube masa wuya, ana neman kaluluwar ciwon barci. Muka shiga. Wani ma'aikaci ya danna wuyan Inna da yatsu, yana hira da abokinsa, ya ce, "Ba ta da shi, wuce."

Na ce ba wucewa muka zo yi ba, Saje Bawa muke nema.

Ya ce Saje na aiki, nan sammore ake dubawa.

Ɗan doka ya sa kulki ya tura ni gefe. To a nan abin da na haɗiye tun daga Mabai ya fito. Na ce kwana tara muna hanya da tsohuwa, an yi mata dariya, an tsaga mata baya, an ɗura mata kanwa, yanzu kuma an latsa mata wuya kamar akuyar sayarwa, ba mai cewa me ke damunki. Na ce ba inda za ni, sai dai a ɗaure ni. Ina cikin haka wani dogon mutum mai furfura ya fito daga rumfa yana goge hannu.

Bai kula ni ba. Ya wuce wurin Inna, ya durƙusa, ya gaishe ta, ya ce, "Inna, me kike ji?"

Ta dube shi kamar tana jiran dariyar. Sannan ta faɗa masa duka. Bai katse ta ba. Ya danna ƙafarta da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ya kife wata tasa gabanta, ya ba ta tsinke. Ya ce, "Ki rufe ido. Duk bugun da kika ji, ki ƙwanƙwasa. Kada ki taɓa ƙirji." Shi kuma ya riƙe mata wuyan hannu na hagu.

Inna ta fara. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sai ta tsaya, tsinke a sama. Sai ƙwas da ƙarfi, sai uku a jere da sauri. Na ga Saje ya ɗaga gira. Suka daɗe a haka, mutanen layi suka zagaye mu. Da ya saki hannun ya ce, "Ko ɗaya ba ta kuskure ba. Duk inda ta tsaya, nan jijiya ta tsaya a yatsana."

Ya juyo gare ni. "Kai mai faɗa, zauna." Ya ba ni tsinken, ya riƙe hannuna. Na rufe ido na kasa kunne. Na ji kukan kurciya, na ji jaka na taunar ciyawa, na ji ƙaiƙayi a ƙafata. Zuciya kam ban ji ta ba. Don kunya na hau ƙwanƙwasawa da ka. Ya ce, "Tsaya haka nan. Kai kiɗan noma kake yi, zuciyarka tana wani wuri."

Aka yi dariya, wannan karo ni ake wa. Saje ya ce ba abin dariya ba ne, yawancin mutane haka suke. Ya ce wani likita ya koya musu a asibitin soja cewa zuciya da huhu da hanji kullum suna aika saƙo sama zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyoyi. Ƙwaƙwalwa na karɓa, amma ba ta damun mutum da shi, kamar yadda maigida ke sabawa da dakan gidansa har ya daina ji. Sai taɓarya ta tsaya inda bai kamata ba yake ɗaga kai. Ya ce wasu kuma Allah ya ba su jin cikin jikinsu fiye da saura, balle mai sana'ar zama shiru irin ta Inna.

Na ce, to ai a cikin mota ta ce ta daina ji.

Ya ce, "Ƙarar mota ce ta danne, ciwon na nan. Ni na ga soja lafiyayye yana rantsuwa zuciyarsa za ta fashe, na riƙe hannunsa na ji lafiya lau, tsoro ne ya sa ƙwaƙwalwarsa ke ƙara mata sauti. Na ga wani kuma tasa ta lalace, bai san komai ba har ya faɗi. Shi ya sa in mutum ya ce yana jin abu, ba ka da ikon cewa ƙarya ne ko gaskiya sai ka riƙe hannunsa. Minti nawa ne?"

Ya shiga rumfa ya ɗauko abin sauraren ƙirji, irin wancan da na gani a ƙusa. Ya saurari Inna gaba da baya. Sannan ya cire ya sa mini a kunne, ya ce, "Ji da kanka."

Jama'a, na ji ta. Tana bugawa a gajiye, da wani huci a ciki. Sai ta yi shiru. Shirun nan bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma na zaci ba za ta dawo ba. Abin da Inna ke zaune da shi ke nan tun bazara, ita kaɗai, a tsakiyar gida cike da 'ya'ya da jikoki. Na cire abin na ce, "Inna, ki yahe mini." Ta ce, "Tashi, mutane na kallo."

Saje ya ce a daina ba ta kanwa ko kaɗan, a rage gishiri, kada ta ƙara ɗaukar ko tulu, ta riƙa kwana da matashi mai tudu. Ya rubuta takarda ya ce a kai ta babban asibiti, akwai ƙwaya da ke daidaita bugun ta kuma janye kumburi. Ya ce da Inna, "Ki riƙa saurarenta, amma kada ki tsare ta da tsoro, tsoro na ƙara mata gudu." Daga nan ya ce in zo in karɓi takardar, ya ja ni bayan rumfa.

Ya ce, "Ba zan ɓoye maka ba. Zuciyar ta gaji ƙwarai. Ƙwaya za ta ba ta sauƙi, ba za ta mai da ita sabuwa ba. Rai na hannun Allah, amma ku ji daɗinta yanzu. Da tun bazara kuka zo, da maganar ta fi haka daɗi."

Ina tsaye ban motsa ba, ban yi gudu ba, sai na ji tawa zuciyar tana dukan haƙarƙarina, har cikin maƙogwaro. Na daɗe a wurin. Na goge ido da hannun riga, na gyara fuska, na fito ina murmushi, na ce, "Inna, ya ce da an sha ƙwaya shi ke nan."

Ta dube ni daga kan tabarma, ta girgiza kai.

"Auta, ni ke cikin jikin nan. Abin da ya gaya maka bayan rumhwa na riga shi sani." Ta miƙo hannu in tashe ta. "Za mu asibitin, tun da mutumin kirki ya ce a tahi. Amma mu koma kasuwa tukuna ka sayo doyar nan, manya-manya. Ina so in kirɓa wa yara da hannuna, su ma su ci abin mamaki."

Na ce ai Saje ya hana ta aiki.

Ta ce, "To kai ka kirɓa, ni in zauna in gaya maka inda ka kuskure."

Mun je asibitin, an ba ta ƙwayar, takalminta ya koma shigarta. Doyar kuma na kirɓa ta shekaranjiya, a tsakar gida, gaban matan Mabai duka, Inna na jingine da bango tana cewa ban iya riƙon taɓarya ba.